Fasfon Suruka

Tun ranar da surukarsa ta manta jakarta a cikin bas, Direba bai sake barcin kirki ba. An dawo da jakar, amma shi hankalinsa bai dawo ba, don fasfonta yana ciki. Idan ya ɓata, to ta zauna kenan.

Ta tsallako ƙasar ne ta taya 'yarta renon jariri, wai na ɗan lokaci. Ga jariri har ya fara rarrafe. Ta karɓe uwar ɗaka, ta koro Direba kan doguwar kujera a falo, ta hana gishiri, ta hana soyayyen nama, ta hana ihun kallon ƙwallo. Mijinta ne mai hawan jini a can gida, amma ita duk namijin da ta gani sai ya yi jinya.

Da hannunsa ya yanko mata tikitin komawa. Saura tsaron fasfo. Ya lallaɓa ya karɓe shi, ya rasa inda zai ajiye. Aljihu, 'yan sane. Akwati, ita ke birkice shi kullum. Sai ya buga wa surukinsa waya can gida, tsohon matafiyi, wanda kwanan nan muryarsa ta yi wani garau.

"Yaro, ɓarawo ba ya satar abin da ya raina," in ji Baba. "Kana da tsohuwar rigar sanyi? Farke shafinta na ciki, ka saka, ka ɗinke. Kuma ko matarka kada ta ji."

Haka aka yi. Rigar ta koma bayan ƙofa da ƙauri da ramukanta. Kullum zai fita aiki sai ya shafa ta, ya ji taurin nan, ya yi hamdala.

Ana gobe tafiya ya shigo da fito a bakinsa, ya miƙa hannu bayan ƙofa. Ƙusa kawai ya taɓa.

"Wai wannan tsumman?" in ji matarsa. "Ai Baba ne ya ce sanyi na damunsa, ko kana da wadda ka daina sawa. Na ba maƙwabcinmu da ya tafi gida jiya ya kai masa. Ka ma samu lada."

Lada! Direba ya zauna daɓas a ƙasa. Ya zaro waya ya kira Baba.

"Kash! Tsufa bai yi ba," in ji Baba. "Ni da na ba ka shawarar, ni na manta! Rigar ta iso, yaro, amma ta yi mini yawa, na ba wani bawan Allah a bakin titi. Ko fuskarsa ban riƙe ba."

A ofishin jakadanci aka ce sabon fasfo sai an yi bincike, bincike kuwa ba ya gaggawa. Suruka ta zazzage wa Direba ta cikinta tas, ta ce ko akuya ba za a ba shi ajiya ba, sannan ta kwance kayanta ta mayar cikin kabad. Shi kuma ya ɗauki matashinsa ya nufi kujera, har da 'yar ƙwallarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tausayin tsohon nan, shi kaɗai a gida, ba mai kula da shi.

A can kuwa Baba ya ƙure rediyo, ya baje a tsakiyar gado, ya barbaɗa gishiri a kan soyayyen namansa, yana yi wa kansa fifita da fasfon matarsa.