Taku Ɗaya na Maƙwabci

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a Hirosaki, har ta kai gwiwa. Chizuru ta biyo ta gefen tsohuwar fada daga sayen awara, tana kallon jar gada da itatuwan da suka sha farin lulluɓi kamar amare. Garin tsit, sai ƙarar sawunta.

Tana karyo kwanar layinsu ta tsaya cak. Naoto, maƙwabcinsu mai gyaran agogo, ya kwashe ƙanƙarar gaban gidansu tas, har bakin ƙofa. A unguwar kuwa kowa nasa yake kwashewa, ya ƙara wa maƙwabci taku ɗaya kawai. Wanda ya zarce, ya mai da kansa ɗan gida ke nan. Ga mahaifinta tsaye a ƙofa, shi da ya hana Naoto aurenta bara, ya ce shi bare ne.

"Naoto, ka manta iyaka ne?" ta tambaya.

Ya dube ta, kunnuwansa jajir don sanyi. "Ina sane na tsallake."

Tsohon ya daɗe yana duban aikin, gefe-gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, har magudanar ruwa an buɗe. Ya juya ya shige ciki. Gaban Chizuru ya faɗi.

Sai ga shi ya fito da tsani, ya jingina da bango.

"Rufin ma ya yi nauyi," ya faɗa wa Naoto a daƙile. "Ni kuwa bare ba ya hawa min rufi. Hau."