Akwati na Ashirin da Bakwai

Karo na huɗu ke nan Joanna ta mayar wa Azariya da zanensa. Ba ta yi faɗa ba. Rabonta da faɗa, ko dariya, ko kuka, tun ranar da aka binne mijinta Patrick, wata goma sha ɗaya ke nan. Tana cin abinci, tana zuwa sujada a coci, tana buɗe ofis, amma cikinta wayam, kamar tulun da aka kife.

Ofishin ma ɗaki ɗaya ne a saman wani shago a Kafanchan, inda su huɗu suke haɗa katun, wato fim ɗin zane mai motsi, na 'yan makaranta. Aikin Azariya ne a gaba. Kafin a motsa komai a kwamfuta, shi zai zana labarin a takarda akwati-akwati, ya nuna inda kyamara take tsaye, ya ja kibiya inda mutum zai nufa. In nasa bai fito ba, sauran sai zaman hamma.

Wannan karon fim ɗin na minti uku ne, a kan direbobin da ke kaɗe mutum su ƙara mai. Ba ta sa sunan kowa ba, amma wa za a yi wa wayo? Malami ne a kan keke kamar Patrick, hanyar Kagoro, da safe ana yayyafi. Za a nuna shi a coci ranar addu'ar cika shekara da rasuwar Patrick, saura mako uku, ga shi ko akwati ɗaya ba ta karɓa ba.

"Azariya, kana tsoron matsowa," in ji ta. "Komai daga nesa kake zanawa, kamar kana kan dutsen Kagoro. Ka sauko da kyamarar nan. In Juma'a ta yi ban ga abin kirki ba, zan ba wani, kai ma ka nemi wani wurin."

"To, Anti."

Iyakar maganarsa ke nan kullum, to Anti. Wata biyu bayan jana'iza ya shigo da littafin zane a hammata, ya ce ya bar aikin kawunsa dillalin citta, yana son ya koya. Hannunsa tsaf, ba ya makara, ba ya musu. Shi ke share ofis, shi ke ɗebo ruwa, ba a sa shi ba. Ko ana tafka ruwan sama da ƙafa yake tafiya gida, in ta tsaya ta rage masa hanya sai ya ce tafiyar tana yi masa daɗi. Mutumin kirki, wallahi, sai dai zanensa ba rai. Ita kuwa ba ta jin haushinsa, ba ta jin tausayinsa. Ba ta jin komai dai.

Ranar Juma'a ya zo da ido jajur da rigar jiya. Ya jera takardu a kan tebur, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Dinah mai saka launi ce ta fara leƙawa. "Kai! Yesu!" Ta kama baki.

Joanna ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin fensir. Akwati na farko gilashin mota ne, waifa tana share ruwa. Na biyar, hannu yana laluben waya da ta zame ƙasan kujera. Daga na tara ƙafar keke ta bayyana, 'yar mitsila, tana girma, tana girma, har ta cika akwati na goma sha huɗu. A bayan keken an ɗaure takardun jarrabawa cikin leda da robar taya. Sai akwati guda baƙi ƙirin. Sai takardu a sama, suna saukowa a hankali.

Shekara goma tana wannan sana'a, ta san aiki in ta gan shi. Ba layi ɗaya na banza. Mai zanen da ke laɓewa a kan dutse ya sauko har cikin mota. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, shiru. To, ko banza an samu fim, shi ma ya tsira da aikinsa.

"Yau ka zama mai zane," ta ce, muryarta kamar mai karanta sanarwa.

Saura takarda ɗaya. Labarin da ta rubuta masa a kan baƙin akwati ya ƙare, domin abin da ta gaya wa duniya ke nan: nan take Patrick ya cika, bai sha wahala ba. Haka ta gaya wa mahaifiyarsa, haka fasto ya faɗa a kabari. Amma matar da ta tsince shi a kan hanyarta ta zuwa gona ta ja Joanna gefe ita kaɗai a asibiti, ta raɗa mata cewa a zaune ta same shi, ya tara takardun yara a cinyarsa don kada su jiƙe. Joanna ta roƙe ta da sunan Allah ta bar maganar a cikinta, ita ma ba ta taɓa furtawa ba.

Akwati na ashirin da bakwai siriri ne, kwance. A ciki mutum ne zaune a bakin kwalta, ƙafa ɗaya a karkace, yana miƙa hannu yana janyo takarda. An ja kibiya, an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: yana ƙanƙancewa.

Fensir ya tsaya a hannunta. Ta ɗago ta dubi Azariya, karon farko da ta dube shi sosai tun zuwansa.

"Wa ya gaya maka ya tashi zaune?"

Azariya bai sunkuyar da kai ba. Ya yi kama da wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

"Ba wanda ya gaya mini, Anti. A madubin motar na gan shi."