Takardar da Aka Aiko daga Legas

Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, wata rana bayan azahar wani direba ya kawo wa Inna takarda daga Legas, inda Baba ya tafi ci-rani. Wata bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ta ajiye taɓarya, ta damƙa mini takardar da hannunta duk gari.

"Karanta mini, ɗiyata. Mi ya ce?"

Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci ake koya mana, amma a wurin Inna boko duk boko ne. Kalma ɗaya na iya haɗawa: sori. Na san ta a bakin fataken Najeriya, in sun taka ƙafar mutum a kasuwar Dakoro. To wa zai aiko takarda tun daga Legas don an taka ƙafa? Kuma sau uku aka rubuta ta.

Inna ta kama kafaɗuna tana girgiza ni. "Ki yi magana, don Allah!"

Na ce, "Ya ce yana lahiya."

Ta yi hamdala, ta koma daka har da lugude.

Baba bai dawo ba. Har yau in na ji lugude, sai in tashi in bar wurin.