Faifan Rostvind na Huɗu

Sixten bai yi kuka a coci ba. Ya zauna a benci na biyu yana kallon leɓen fasto na motsi, yana cewa a ransa har malaman coci ma yanzu cin magana suke yi. A akwatin da ke gaba ƙanensa Valter ne kwance, wanda rabon da su gaisa shekara talatin da ɗaya ke nan.

A kan faifan waƙa suka ɓata, abin ma da kunyar faɗa. Tun suna samari a garin Göteborg suke bin Rostvind, 'yan kiɗan rok na garinsu. Sixten ya yini yana dukan ƙarfe a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ran Asabar kuma ya je ya manne a gindin lasifika, Valter na can baya yana rawa. Faifai uku na farko, a wurin Sixten, ba a taɓa yin irinsu ba. Jitar tana da kaifi kamar reza, ƙarafan ganga kuwa har cikin haƙori ake jin su.

Da na huɗu ya fito, bayan shirun shekara takwas, Sixten ya saurara sau ɗaya ya ce an kashe kiɗan. Babu kaifi, babu ƙara, sai dumu-dumu kamar an lulluɓe mawaƙan da bargo. Ya rubuta haka a mujallar masoyan ƙungiyar. Valter ya mayar da martani a fitowa ta gaba, ya ce na huɗu ya ma fi na farko kaifi, yayansa dai tsufa ya fara kama shi. Shi ke nan fa. Sixten bai je ɗaurin auren Valter ba, bai je ganin 'yarsa da aka haifa ba, katunan Kirsimeti kuma ya daina buɗe su.

Duk shekarun nan abu ɗaya ke riƙe da shi, wato shi ke da gaskiya. In ba haka ba, to a banza ya rasa ƙane, kuma wannan tunani ne da bai taɓa bari ya zauna masa ba.

Hujjarsa na nan a gida, faifai uku bugun asali, a cikin leda a saman kabad. Ba ya sa su, don duk mai tara faifai ya san allurar na'urar sa faifai cin su take yi. Ai ba ya buƙata ma, ya haddace su. In aka sa tsoffin waƙoƙin a rediyo sai ya ja tsaki ya kashe, ya ce sabon bugu ne, injiniyoyin zamani sun jagwalgwala su. Haka duniyar ta koma gaba ɗaya. Butar shayinsa ta daina yin fito in ta tafasa, tsuntsayen unguwa sun ƙaura, ƙararrawar ƙofa an gyara ta sau biyu ba ta gyaru ba.

Bayan an binne Valter aka taru a zauren coci shan kofi. Tsoffin masoyan Rostvind sun zo da baƙaƙen rigunansu da suka koɗe, kafin a yanka kek har an koma musun da aka saba. Wani ya ce na biyar da suka cusa fiyano shi ne ya lalata su. Wata ta ce wallahi na shida ya dawo da su hanya. Evert, wanda ya buga mujallar a wancan zamani, ya dafa kafaɗar Sixten, sai da ya maimaita maganarsa sau biyu.

"Dattijo, har yanzu kana gaba da na huɗu?"

"Har in mutu."

Bai ji zafi ba da ya faɗa, bai kuma ji daɗi ba. Tun safe jikinsa yake kamar na aro.

Gunnel, matar marigayin, ta zo ta tsaya dab da shi, a gefen kunnen da yake juyo wa mutane. Ta ce Valter ya bar wasiyya a sa faifai ɗaya yau, kuma a tabbata yayansa yana wurin. Sixten ya ce ya yarda, amma da sharaɗi, kada a sa komai daga na huɗu zuwa gaba. Ta dube shi na ɗan lokaci, ta tafi wurin na'urar sa faifai da aka ɗauko daga ɗakin mijinta.

Allura ta sauka. Zauren ya yi tsit, Evert ya rufe ido, wata tsohuwa ta fara kaɗa kai tana share hawaye.

Sixten ya kasa kunne. Dumu-dumu ne, ƙarƙashin bargo. Ganga tana bugu can nesa, jita ba ta yankan komai, muryar mawaƙin ta nutse har ba a gane me yake faɗa. Ya san wannan taɓo sarai, shekara talatin da ɗaya yana zaginsa. Ashe dai Valter ko a kabari sai ya yi maganar ƙarshe.

Ya ajiye kofinsa a hankali, ya miƙe, ya ratsa tsakanin tebura. Ba fushi yake yi ba, gajiya ce kawai. Zai ɗage allurar, ya ɗauki hularsa, ya tafi gida.

"Na ce ban da na huɗu, Gunnel."

Ta ce wani abu da bai kama ba. Ya sunkuya, ya sa yatsa ya tsayar da faifan, takardar tsakiya ta daina juyawa.

Faifan farko ne, bugun asali, ga rubutun hannunsa da biro ya koɗe a jikin takardar: "Ga Valter, daga yayanka. Ka ji kaifin jitar nan."