A Nan Ba Ma Cewa Ya Lalace

"Ke, nan ba kasuwa ba ce!" Manaja ya daka wa sakatariyarsa tsawa a gaban ma'aikata. "Ba ma cewa abu ya lalace. Cewa muke an samu damar ingantawa."

Laifinta kawai, ta ce fankar ofis ta lalace. Ta haɗiye fushinta.

Washegari zai shiga taro da manyan baƙi, sai ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, an samu babbar damar ingantawa a sashen baya."

"Yauwa, yanzu kika fara wayewa! Bari sai na fito."

Ta buɗe masa ƙofa cikin ladabi. Ya shiga yana taƙama, ya juya wa baƙi baya zai nuna allo, wandonsa a yage daga ƙugu har cinya.