Gayyar Kunu

Duk mai ƙirga abokansa a gindin randa, ya karkato kunne ya ji wannan misali.

A wani ƙauye na gindin dutse, inda ba a kiran gayya sai an dafa burkutu, an yi wani manomi da ya ajiye ƙwaryar giya. Wansa ne ya rasu da kumburarren ciki, idanu sun koma ruwan ɗorawa. Shi ya wanke shi, shi ya sa shi a rami, ya kuma ce daga ranar tsakaninsa da giya sai kallo. Amma bai daina zama cikin mutane ba, don a ganinsa shi ake so, ba maƙogwaronsa ba. Da damina ta sauka, babu gayyar da bai je ba. Shi ne farkon sunkuyawa, shi ne ƙarshen miƙewa. In an koma inuwa, ƙwarya ta zagayo kansa, sai ya karɓa hannu biyu, ya miƙa wa na kusa, ya jawo gorar kununsa. Amininsa, wani dogo mai giɓi, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, yakan maƙale murya ya kwaikwaye shi: "Na gode, 'yan uwa, ni kununa ya ishe ni," yana tsuke baki, yana fari da ido. Jama'a su kwashe da dariya. Shi ma manomin ya yi, har da tafi, yana ce wa ransa ai wasa ne.

Ana nan, juyi ya zo kansa. Dawarsa ta kai gwiwa, ciyawa ta kamo mata wuya, in ba a nome ta a makon nan ba, sai dai a sakar mata awaki. Matarsa ta ce, "Maigida, ko randa ɗaya ce a dafa musu mana. Kai ba sai ka sha ba." Ya ce hannun da ya binne wansa ba zai jiƙa tsiron dawa ba. Sai ya kayar da bunsurun da yake tattali, aka tuƙa tuwo, aka dama kunun tsamiya har da zuma, aka jera randuna a gindin itacen kirya.

Sun zo kuwa, fartanyu a kafaɗa, baki na gaishe shi, ido na gaida randuna. Dogon ya buɗe ta farko ya sunsuna, kunu. Ya buɗe ta biyu, kunu. Ya ce, "To mutumina, mun ga 'yan rakiya, ina uwar ɗakin take?" Manomin ya ce iyakar abin ke nan. Duk da haka sun ci naman, sun tsotse ƙashi, kowa ya ja kunya guda. Can sai iska ta kwaso gangar noma daga tsallaken rafi, inda wani ma ya kira gayya, shi kuwa kowa ya san hayaƙin dahuwar burkutu ya kwana biyu yana tashi a bayan gidansa. Nan take cututtuka suka sauka a gonar. Wannan ya dafe ƙugu: "Wash! Tsohon ciwon nan ne." Wancan ya tuna bai ɗaure saniyarsa ba. Wani ƙotarsa ta yi girgiɗi, sai ya je ya gyaro. Dogon shi bai yi ƙaryar ciwo ba. Ya rataye malfarsa a kututture, ya ce, "Bari in zagaya, ga hulata nan."

Manomin ya ci gaba da sara. In ya kai ƙarshen kunya, ya ɗago ya dubi hular. Rana ta take tsaka, ta karkata, ƙudaje suka gaji randuna, hula na nan. Daga shi sai matarsa suka yi ta fama har mako ya fita, amma hannu huɗu ba sa yin aikin gayya. Ciyawa ta riga su. A kakar nan, abin da ya girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Sai da aka kwana biyu da gayyar dogon ya zo ɗaukar hularsa, yana tangaɗi, yana warin tsami. Ya ce, "Kai ma dai, mutumina! Ka tara ƙarti ka ba su abincin mai jego? Mu ba mu guje ka ba fa, kai ka guje mu." Manomin ya nufi gonar. Ya ciro malfar daga kututture, ya karkaɗe mata ƙura, ya miƙa masa hannu biyu, kamar yadda yake miƙa ƙwarya ta wuce.

Bai koma sha ba. Ya dai daina tafi in ana dariya.

Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.