Halittar da ke Bayan Labule

Kwana tara ke nan Asibi ba ta iya haɗiye loma uku a jere ba. Ba ciwo ba ne. Wani rubutu ne ta karanta a waya.

Wayar ma ba tata ba ce. Ta 'yar farinta ce, wadda mota ta kife da su a hanyar Rano wata biyu da suka wuce, tana dawowa Kibiya hutun makaranta. Aka kawo gawa, aka kawo jaka, aka kawo wayar da tsagaggen gilashi. A zaman makoki mata suka yi ta yaba wa Asibi, don ko ɗigon hawaye ba ta bari an gani ba. Mace mai kunya ke nan, in ji su, irin matan da. Dama haka ta yi renon yarinyar, yadda ake yi da 'yar fari: ba wasa, ba jan hira, in aike ya kama a ce "ke", in ba ta nan a ce "waccan".

Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi shiru, sai ta fara buɗe wayar bayan azahar. Karatunta na aji shida ne, da yatsa take bi. Ta tarar da wani shafi da ake rubuta labaran al'ajabi: rijiyar da ake jin daka a cikinta, kasuwar da ke ci a tsakiyar daji amma in an koma babu ko rumfa, tsohon da aka binne aka kuma gan shi yana ɗawafi. Tana karantawa tana salati, amma dai yana rage mata tsawon yini.

Sai ta faɗa kan wannan, wanda mai rubutun ta sa wa hannu da "Baiwar Allah".

"A wani gida a Kibiya, mai shuɗiyar ƙofa da gwaiba a tsakar gida, akwai wata halitta."

Asibi ta ɗaga kai. Ga gwaibar nan.

"Shekararta ashirin da biyu a gidan. Idan matar gidan na yi wa autarta kitso, tana tsayawa a bakin ƙofa tana kallo har a gama, ba a ganinta. Ranar da matar ta kwanta zazzaɓi, a bayan labule ta wuni tana sauraron numfashinta. Idan an shanya mayafin matar a igiya, takan je ta shinshina. Abu ɗaya take nema a wurin matar gidan, kuma har yau ba ta gaji da jira ba. Abin da take nema kuwa..."

Nan rubutun ya tsaya, da ɗigo uku da wasu 'yan kalmomin Turanci a gefe.

Asibi ta tuna zazzaɓin damina, ta tuna labulen yana motsi alhali babu iska. Ta tuna sau nawa ta shanya mayafi ta same shi a ninke a kan gado. Ta duba ranar da aka yi rubutun: wata huɗu kafin haɗarin. To ai shi ke nan. An nema, ba ta bayar ba, an ɗauke mata ɗaya. Saura auta, Fatima Zahra'u, wadda ake tsayawa ana kallon kitsonta.

Ta cire labulen ta ƙone. Ta turara ɗaki da habbatussauda har makwabta suka leƙo. Ta matsa wa mijinta Malam Shitu sai da ya kawo mai ruƙiyya, sannan ta sa aka sare gwaibar, duk da a gindinta waccan ke zama ta yi karatu in ta zo hutu.

"Asibi, ki ajiye wayar nan ki ci abinci," in ji Malam Shitu.

Ba ta ajiye ba. Yau, kwana na tara, ta ƙulle kayan auta a zani, ta hau mota da ita sai Rano, gidan ƙanwarta Saratu, malamar firamare.

"Yaya, lafiya? Kin koma kamar sillen kara."

"Riƙe mini yarinyar nan. Gidana ba mu kaɗai ba ne a ciki."

Ta miƙa mata wayar. Saratu ta fara karantawa tana dariya. "Da girmanki kin shiga sahun 'yan waya? Yaya, irin waɗannan ai zaman banza ne ke sa a rubuta su. Kuma ma ba ki ƙarasa ba. Nan ake taɓawa, sauran ya fito."

Ta taɓa 'yan kalmomin Turancin. Rubutun ya buɗe.

Dariyar ta ɗauke. Saratu ta karanta, ta sake karantawa, ta kifa wayar a cinya ta toshe baki da gefen hijabi.

"Jini ne ko?" Asibi ta kama hannunta. "Autata take so? Saratu, kada ki ɓoye mini. Faɗa mini me zan yi. Ko saniya ce a yanka, ko gidan ne mu bar mata."

Saratu ta dubi yayarta. Sannan ta ɗaga wayar, ta karanta a fili:

"Abin da take nema kuwa ba mai yawa ba ne. Halittar nan ni ce, 'yar farin gidan. Na sani kunya ce, ba ƙi ba. Amma sunana Afra'u, kuma so nake ko sau ɗaya ne, ko da cikin faɗa ne, in ji Inna ta kira shi."